Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikilisiyoyinmu a Arewa: Kujerar Baya Ba Kotu Ba Ce

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, shugabannin CAN (Ƙungiyar Kiristocin Najeriya) na jihohin Arewa, shugabannin TEKAN (Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Najeriya) da na ɗarikar ECWA, bishop-bishop, rabaran-rabaran, fastoci da dattawan majami'u.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin Ubangiji, yaya fama da jama'a? Mun san nauyin da ke wuyanku a wannan zamani na rashin tsaro da tsadar rayuwa, muna kuma yi muku addu'a kullum. Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima.

Ni malamar Makarantar Lahadi ce, na yi shekara 24 ina koyar da yara, kuma 'yar Zumuntar Mata ce tun ina amarya. Aikin jinya na yi har na yi ritaya. Ina rubuta wannan wasiƙa a madadin wasu 'yan'uwana malaman Lahadi da muka daɗe muna wannan magana a tsakaninmu da ƙaramar murya, da kuma a madadin yaran da aka ci zarafinsu a cikin harabar majami'a ko a gidajen ma'aikatanta, aka ce musu su yi shiru. Ba zan ambaci gari ko ɗarika ba, domin abin da zan faɗa bai tsaya a ɗarika ɗaya ba, kuma ba na so a gane yarinyar da zan ba ku labarinta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shekarunta 12 a lokacin. 'Yar riƙo ce, rikici ya cinye mahaifinta, aka kawo ta wurin gwaggonta. Tana da murya mai daɗi, ita muke ba baitin farko a waƙar yara. Sai na lura ta daina waƙa. Ta koma zama a ƙarshen benci, in an kira sunanta sai ta zabura. Wata Lahadi bayan an tashi, ina tattara alli da littattafai, sai na ji an ja bakin zanina. Na juya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, in na faɗa miki wani abu, za a kore ni daga coci?" Mai koya musu waƙa ne yake lalata da ita. Yakan ce ta tsaya bayan an sallami sauran don ya gyara mata murya.

Na kai maganar gidan fasto a daren, aka ce in jira zaman dattawa. Na jira kwana 11. Ni da na yi aikin asibiti, na san abin da ya kamata a yi a cikin kwana ukun farko, amma na ji tsoron a ce na tsallake shugabanni. Wannan laifina ne, kuma har yau ina ɗauke da shi. Ranar zaman, aka tsayar da yarinyar a gaban maza tara, mutumin yana zaune a gefe yana kallonta. Aka tambaye ta me ya sa take tsayawa, wane kaya take sawa, me ya hana ta ihu. Wani dattijo ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin ya yi kuka, ya ce aikin Shaiɗan ne. Aka sa shi a horo na wata shida, aka hana shi cin Jibin Ubangiji, ya koma kujerar baya. Aka umarci yarinyar ta ce ta yafe masa, ta faɗa da muryar da ba a ji sosai. Kafin wata ya ƙare gwaggonta ta mayar da ita ƙauye, karatunta ya tsaya. Shi kuwa da horonsa ya cika aka ba shi takardar shaida mai tsabta ya ƙaura.

A bana na ji daga bakin wata 'yar'uwa cewa shi ne yake jagorantar mawaƙan yara a wata majami'a a wani gari. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kukana na farko, kuma mafi girma, shi ne mun mayar da laifin da hukuma ke hukuntawa ya zama zunubin da dattawa za su kashe a ɗakin fasto. Zunubi ne, babu shakka, kuma ikilisiya tana da ikon horo. Amma horon ikilisiya na ran mai zunubi ne, ba ya hana shi taɓa wani yaro gobe. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 31 ya ce wanda ya sadu da yaro ya yi fyaɗe, hukuncinsa ɗaurin rai da rai, kuma ba a karɓar hujjar cewa yarinyar ta yarda ko ya zaci ta girma. Filato ta mayar da wannan doka tata tun 2005, Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. Akwai kuma dokar VAPP ta 2015, wadda ta haramta cin zarafin mutane. Idan ɓarawo ya fasa ofishin coci ya kwashe baikon girbi, babu dattijon da zai ce a bar wa Allah, kafin gari ya waye an je ofishin 'yan sanda. Yaya za a yi kuɗin baiko su fi 'yar mutum daraja a wurinmu? Manzo Bulus ya gaya wa Romawa a sura ta 13 cewa mai mulki bawan Allah ne, ba a banza yake riƙe da takobi ba. Wanda ya kai mai fyaɗe gaban hukuma bai saɓa wa Littafi ba.

Na biyu, ana ɗauko ayoyi a ɗaure bakin yara da su. Na ji ana karanta Matiyu 18, a ce sai wanda aka yi wa laifi ya fara zuwa wurin ɗan'uwansa su biyu kaɗai. Iyayena, wannan umarni ne ga 'yan'uwa biyu da suka saɓa, ba ga yarinya 'yar shekara 12 da ƙaton da ya danne ta ba. A cikin wannan sura ɗaya, a aya ta 6, Yesu ya ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a jefa shi cikin teku da ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe. Na ji ana kawo 1 Timoti 5:19, cewa ba a karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Wane mai lalata da yara ne yake kiran shaidu? Doka ta Musa ma ta san haka: a Maimaitawar Shari'a 22, inda aka auka wa budurwa a saura babu mai ji, an ce ba ta da laifi, namijin ne zai ɗauki hukunci. Kuma shaidar likita shaida ce, canjin halin yaro shaida ne, yaro na biyu da zai fito in ya ga an saurari na farko shi ma shaida ne.

Gafara kuma, wadda ita ce zuciyar bangaskiyarmu, mun mayar da ita bulala. Gafarar da aka karɓa da tsawa a gaban dattawa ba gafara ba ce. Mai tuba na gaske ba ya gudun sakamakon aikinsa, ba ya kuma neman a mayar da shi cikin yara. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, biya ya yi har riɓi huɗu.

Ban taɓa jin an yi wa'azi a kan 2 Sama'ila 13 a majami'armu ba. Amnon ya yi wa ƙanwarsa Tamar fyaɗe. Wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, ai ɗan'uwanta ne. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, bai yi komai ba. Tamar ta ƙare rayuwarta a kaɗaice a gidan wanta, gidan Dawuda kuwa ya shiga zubar da jini. Duk lokacin da na karanta wannan sura, fuskar yarinyar nan nake gani, ina kuma ganin kaina a cikin waɗanda suka ji suka yi fushi suka zauna.

Na uku shi ne canjin wurin aiki. Wannan ce hanyar da muka fi sabawa da ita: a ɗauke mai bishara ko malami daga nan a kai shi can, a ce iskar wurin ba ta karɓe shi ba. Majami'ar da ta karɓe shi ba ta san komai ba, ta ba kura ajiyar nama. Ikilisiyoyin da suka fi mu kuɗi da tsari sun bi wannan hanya sun ga ƙarshenta. A Ingila, wani lauya mai suna John Smyth yana shirya wa 'yan makaranta sansanin Kirista, yana azabtar da su da duka da sunan tsarkake su daga zunubi. Wasu limamai sun san maganar a rubuce tun 1982, suka rufe. A 1984 ya ƙaura zuwa Zimbabwe ya ci gaba da tara yara, daga baya ya koma Afirka ta Kudu inda ya mutu a 2018 ba tare da an hukunta shi ba. Binciken da aka fitar a Nuwamba 2024 ya nuna waɗanda ya cuta sun haura 100, kuma a cikin wannan wata Akbishop na Kantabari, babban limamin Cocin Ingila, Justin Welby, ya yi murabus. Ku lura da wannan: shirun da aka yi a Ingila, 'ya'yan Afirka ne suka biya kuɗinsa. Haka shirun da muke yi a birni, 'ya'yan ƙauye ne suke biya. A Faransa, hukumar bincike mai zaman kanta ta ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne limaman Katolika suka ci zarafinsu tun daga 1950. A Amurka, a 2022, aka gano shugabannin ɗarikar Southern Baptist suna riƙe da jerin sunaye sama da 700 na waɗanda ake zargi, sun ɓoye shi shekara da shekaru. Babu ɗarikar da tauhidinta ya kare ta.

Kada kuma mu ce wannan cutar Turawa ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma a Najeriya an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Waɗannan yara suna zaune a bencinmu kowace Lahadi. Yara maza ma suna ciki, kuma su ne suka fi yin shiru, don an koya musu namiji ba ya kuka.

Na huɗu, ƙofofinmu a buɗe suke. Duk saurayin da ya zo da Littafi a hammata ya ce yana da nauyin yara a zuciyarsa, sati biyu sai mu ba shi aji, don ma'aikata sun yi ƙaranci. Koyon waƙa yana kai wa dare. A taron matasa da na Brigade, ƙungiyar yara ta coci, ana kwana a azuzuwa, manya da ƙanana a haɗe, babu mai zagayawa. Ana shiga ofis da yarinya a rufe ƙofa a ce addu'ar kuɓutarwa ake yi. Yanzu ga waya, malami yana aika wa 'yar shekara 14 saƙo da tsakar dare, iyayenta suna ganin mutumin Allah ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗanda abin ya fi shafa kuwa su ne marasa gata: marayu, 'ya'yan gudun hijira da muka ajiye a harabar coci, 'yan riƙo da 'yan aiki a gidajen membobi, har da gidajen ma'aikata. Ban manta da duka ba, da yaran da ake yi wa ƙazafin maita a tsare su a hana su abinci da sunan azumi. Wannan ma cin zarafi ne, kuma da sunan Yesu ake yin sa.

Na san abin da ke zukatan wasunku. An ƙone mana majami'u, an kashe mana fastoci, an sace mana 'ya'ya. A irin wannan hali mutum yakan ce kada mu ba maƙiya abin faɗa. Na fahimci wannan tsoro, ni ma na binne 'yan'uwa. Amma maƙwabtanmu Musulmi suna fama da wannan ciwo a nasu gidajen da makarantun, babu wanda ya tsira da zai yi wa wani dariya. Kuma sunan ikilisiya yana ɓaci ne ranar da aka gano mun sani mun rufe. Mun tsaya a kan titi muna kuka saboda 'yan matan Chibok tun 2014, kuma daidai ne. Yarinyar da aka lalata a ɗakin mawaƙa ita ma 'yarmu ce.

Ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da ƙa'ida a rubuce wadda za ta ɗaure kowace majami'a, a fassara ta da Hausa da harsunan jama'armu, a karanta ta daga bagade kamar yadda ake karanta sanarwar babban taro. Takardar da ke kwance a durowa a hedikwata ba ta kare yaro a ƙauye. Jimla ta farko a cikinta ta zama wannan: duk wanda yaro ya gaya wa an taɓa shi, asibiti zai fara kai shi, ba sai ya nemi izinin kowa ba. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙonku ku koya wa kowane fasto wannan lamba, awa 72. Maganin da ke hana kamuwa da cutar HIV bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin wannan lokaci, a ci gaba har kwana 28. Kada a yi wa yarinyar wanka, kada a wanke kayanta kafin likita ya gani, don shaidar tana jikinsu. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafancan, a Kano akwai cibiyar Waraka. Inda babu irinsu, babban asibiti ma ya isa. A manna adireshin wuri mafi kusa a allon sanarwa na kowace majami'a.

Bayan asibiti, hukuma. Mun san talaka yana tsoron ofishin 'yan sanda saboda kashe kuɗi da jeka-ka-dawo, mun san shari'a tana jan ƙafa. To a nan ne ikilisiya take da amfani. Muna da lauyoyi da likitoci da jami'an tsaro a cikin membobinmu. Gwauruwar da ta je ita kaɗai za a iya kora ta, amma in rabaran da lauya suna tsaye a bayanta, magana ta canja. Akwai ma'aikatar harkokin mata a kowace jiha, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. A haramta wa dattawa karɓar kuɗin sulhu a kan irin wannan laifi, a haramta ɗaura wa yarinya aure da wanda ya lalata ta don a rufa asiri.

Wanda aka zarga a dakatar da shi daga duk aikin da ya shafi yara nan take, har bincike ya ƙare. Wannan ba yanke hukunci ba ne. Kada a sake tsayar da yaro a gabansa, kada a sa yaro ya maimaita labarinsa ga mutum goma. Wanda laifinsa ya tabbata, ƙofar tuba a buɗe take gare shi, zai iya sujada a ƙarƙashin sa ido, amma aikin yara ya ƙare masa har abada. Kuma muna roƙon TEKAN da ECWA da sauran ɗarikoki a ƙarƙashin CAN su buɗe rajista ɗaya ta irin waɗannan mutane. Gwamnatin tarayya ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe a 2019, mu ma za mu iya. Kada a ƙara rubuta wa kowa takardar ƙaura ana ɓoye dalilin tafiyarsa.

Kafin a ba mutum aji ko mawaƙa, ya yi aƙalla wata shida a cikinmu, a kuma kira majami'ar da ya baro a tambaya da baki. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro ɗaya: manya biyu a kowane aji, ƙofa a buɗe, taga ba labule, shawara da addu'a a inda ido ke gani. Wannan kariya ce ga fasto mai gaskiya ma, don babu mai iya yi masa ƙazafi. A kowace majami'a a zaɓi mutum biyu, aƙalla ɗaya mace, waɗanda yara suka san fuskarsu, waɗanda kuma za su iya kai ƙara sama ko da fasto ne ake zargi. A kare su daga tsangwama, domin na ga yadda ake mayar da mai faɗin gaskiya saniyar ware. Paparoma Francis ya wajabta wa limaman Katolika kai rahoton irin wannan zargi tun Mayu 2019, ya kuma umarci kowace dayosis ta buɗe hanyar karɓar ƙara. Makarantunmu na tauhidi, irin su TCNN a Bukuru, JETS a Jos, da na Kagoro, Gindiri da Kwarhi, su sa wannan ya zama darasin dole kafin a naɗa kowa. Mu malaman Lahadi a ba mu izini mu koya wa yara cewa jikinsu nasu ne, babu malami ko kawu ko fasto da ke da ikon ce musu su ɓoye wa uwarsu wani abu.

Roƙona na ƙarshe saboda waɗanda abin ya riga ya faru da su ne. Kada a ƙara sa yarinyar da aka yi wa fyaɗe a horo, ko da ta yi ciki. Kada a hana ta Jibi, kada a cire ta daga mawaƙa. A ware wani abu daga baiko don kuɗin asibitinta, kuɗin makaranta da kuɗin zuwa kotu, a nemo mata ƙwararren mai ba da shawara, domin addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Akwai kuma manya a cikinmu, mata masu jikoki a Zumunta, maza masu furfura a kujerar dattawa, da suke ɗauke da abin da aka yi musu shekara 30 ko 40 da suka wuce. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannuna bayan nazarin Littafi ta ce ni ce mutum na farko da ta gaya wa, mijinta ma ya rasu bai sani ba. Irin waɗannan suna bukatar su ji daga bakinku, daga kan bagade, cewa ba su ne suka yi zunubi ba, kuma ikilisiya ta yi kuskure da ta sa su shiru.

Na je ƙauyen na nemi yarinyar a watan jiya. Ta zama budurwa, tana tallar gyaɗa a bakin hanya, ba ta shiga coci. Na roƙe ta gafara a kan kwana 11 ɗin nan. Ta ce in ba za a sake tsayar da ita a gaban maza ba, za ta yi magana. Na kuma rubuta wa shugabannin gundumar da mutumin yake aiki yanzu, da sunana da sa hannuna, na kai rahoto inda ya kamata in kai tun farko. Muna roƙo ku sa wannan magana a ajandar babban taronku mai zuwa, ku kuma gayyaci malaman Lahadi da shugabannin Zumuntar Mata su zauna a ciki.

Taku cikin Almasihu,
Wata malamar Makarantar Lahadi, a madadin 'yan'uwanta.